Caleb Orozco da Sashe na 53: mutum ɗaya, tsohuwar doka, da rigar kariyar da Turawa suka bari

A watan Fabrairun 2012, Caleb Orozco yana tafe a ƙafa a wani titi na birnin Belize sai wasu maza suka fara jifansa da baƙaƙen maganganu. Kafin ya ankara, kwalbar giya ta sauka a fuskarsa. Haƙoransa suka sami rauni, sai da likita ya yi masa aiki a baki. Waɗanda suka jefe shi sun san ko wane ne shi, domin a lokacin babu wanda ke kallon labarai a ƙasar da bai san fuskar mutumin da ya maka gwamnati a kotu kan dokar da ta haramta luwaɗi ba.

Belize ƙaramar ƙasa ce, al'ummarta kusan dubu 400 ce. Tana manne da Meziko da Guatemala a tsakiyar nahiyar Amurka, amma a harshe da tarihi da tsarin shari'a 'yar Karebiyan ce: Birtaniya ta mulke ta da sunan British Honduras, Turanci ne harshen gwamnati, tana cikin CARICOM, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan, kuma sai a ranar 21 ga Satumban 1981 ta sami 'yancin kai. A ƙasa irin wannan kowa ya san gidan kowa. Wanda ya fito ya ambaci abin da jama'a ke ƙyama, ya kuma sa sunansa a takardar kotu, ba shi da wani babban birni da zai shige ya ɓace a cikinsa.

An haifi Orozco a 1973. Ta hanyar aikin faɗakarwa kan cutar ƙanjamau ya shigo wannan fage, kamar yawancin takwarorinsa na yankin. A 2006 shi da wasu suka kafa ƙungiyar UNIBAM, wadda ta fara da aikin lafiya a tsakanin maza masu neman maza: wayar da kai, gwaji, da raka mai cuta zuwa inda zai sami magani. A nan ya ci karo da abin da ya kai shi kotu. Yankin Karebiyan shi ne na biyu a duniya, bayan Afirka kudu da Sahara, wajen yawan kason masu ɗauke da cutar a cikin jama'a, kuma a tsakanin waɗannan maza abin ya fi muni. Binciken da aka yi a Jamaika ya nuna kusan ɗaya cikin ukunsu na ɗauke da ita. To ta yaya ma'aikacin lafiya zai ce wa mutum ya zo ya faɗi gaskiyar yadda ya kamu, alhali gaskiyar nan laifi ce da ke iya jawo ɗaurin shekara goma?

Ga abin da Sashe na 53 na kundin manyan laifukan Belize ya ƙunsa, jimla ɗaya tak: duk wanda ya yi saduwar da ta saɓa wa ɗabi'ar halitta da wani mutum ko dabba, za a iya ɗaure shi shekara goma. Jimlar ba ta ambaci namiji da namiji ba. Ba ta bambanta wanda aka tilasta da wanda ya yarda ba, ba ta bambanta bainar jama'a da cikin ɗaki ba. A fassarar lauyoyi, har miji da matarsa na iya faɗawa ciki. Asalin dokar ta 1888 fyaɗe ta hukunta, wato aikata abin da ƙarfi ko ba da yardar ɗayan ba. A 1944, ƙarƙashin mulkin mallaka, aka cire wannan sharaɗi, yarda ta daina zama kariya.

Lauyan da ya yi karatu a Zariya ko Kano zai gane wannan lafazi nan take. Kusan shi ne a Sashe na 284 na kundin Final Kot na Arewacin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1960, sai dai namu shekara goma sha huɗu ya tanada. An kwaikwayo kundin Arewa daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860, mai ɗauke da sanannen Sashe na 377. Alƙalami ɗaya ne ya zagaya daular Birtaniya. Wannan daban yake da kundin Shari'ar Musulunci da jihohin Arewa suka kafa daga shekarar 2000, wanda tushensa fiƙihu ne, kada a cakuɗa su. Abin da nake nufi shi ne, jimlar da aka yi shari'a a kanta a Belize ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ita Ingila da ta shuka dokar ta cire ta a gida a 1967, shekara goma bayan rahoton kwamitin Wolfenden ya ba da shawarar haka. Kafin nan Jamaika da Trinidad sun riga sun sami 'yanci a 1962, Barbados da Guyana a 1966, kowacce ta tafi da kayan gadonta. Maƙwabtansu da Faransa ta mulka ko suka gaji dokokinta, irin su Haiti, ba su da irin wannan sashe, domin Faransa ta fitar da shi daga kundinta tun 1791. Ke nan a teku ɗaya, tsakanin jama'ar da mafi yawansu Kiristoci ne masu riƙo da coci, abin da ke laifi a wannan tsibiri ba laifi ba ne a wancan, kuma tutar da ta taɓa kaɗawa a kansu ce ta raba.

Gwamnatin Belize ta kawo hujjar da ake yawan kawowa: ai ba a kama kowa. Gaskiya ne, da wuya a ga an gurfanar da manya biyu da suka yarda da juna a ƙarƙashin sashen. Amsar Orozco ita ce doka ba sai ta kai mutum gidan yari take cizo ba. Wanda aka yi wa duka ba zai je wurin 'yan sanda ba, don kada tambaya ta juyo kansa. Mai gidan haya zai iya korarsa, mai aiki zai iya sallamarsa, mai neman kuɗi da barazanar tona asiri ya sami makami a hannu. Kullum mutum yana yawo a matsayin mai laifin da ba a riga an kama ba.

An shigar da ƙarar a 2010. Tunanin ya fito ne daga wasu malaman shari'a na Jami'ar West Indies, Tracy Robinson 'yar Jamaika da Arif Bulkan ɗan Guyana, waɗanda suka zauna suka duba kundin tsarin mulkin ƙasashen yankin ɗaya bayan ɗaya don gano inda ƙofa take a buɗe. Dalilin da ya sa suka tsaya a kan Belize shi ne zuciyar wannan sharhi, zan zo kansa. Da farko Orozco da UNIBAM ne masu ƙara tare. A 2012 kotu ta cire ƙungiyar daga matsayin mai ƙara, bisa hujjar cewa mutunci da sirrin rayuwa haƙƙoƙi ne na ɗan Adam, ƙungiya ba za ta ce an tauye mata su ba. Sunan mutum ɗaya ya rage a kan takarda. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ruwan kuwa ya doke shi. Ban da kwalbar nan, an sha yi masa barazanar kisa, an lalata masa mota, rayuwarsa ta koma ta kulle ƙofa da taka-tsantsan wajen fita. Sunan ƙungiyarsa ya zama abin zagi a bakin titi. A 2013, lokacin da coci-coci suka shirya jerin gwano kan sabuwar manufar gwamnati game da jinsi, a ɗaya daga cikin tarukan da aka yi a kudancin ƙasar an ɗaga mutum-mutumi a rataye da igiya, an rubuta UNIBAM a jikinsa. Ina so mai karatu ya ɗan tsaya a kan wannan hoto. Kowa a wurin ya san ƙungiyar fuska ɗaya gare ta, kuma mai fuskar yana da uwa da 'yan'uwa da ke kallon talabijin.

Na san mafi yawan masu karanta wannan rubutu Musulmi ne ko Kiristoci, kuma hukuncin addinan biyu kan luwaɗi ba ɓoyayye ba ne. Babu abin da kotun Belize ta ce da ya taɓa wannan hukunci, ba ta kuma da ikon taɓa shi. Tambayar da aka ajiye gabanta ƙarama ce kuma takamaimiya: shin gwamnatin da ta rubuta wa kanta kundin tsarin mulki, ta yi alkawarin kare mutunci da sirri da daidaiton kowane ɗan ƙasa, tana da hurumin ɗaure baligai biyu kan abin da suka yi da yardarsu a bayan ƙofa? Mutum zai iya riƙe aƙidarsa daram ya kuma fahimci wannan tambaya. Abin da ni dai ba zan iya samar wa uzuri ba shi ne kwalba a fuska da igiya a wuyan mutum-mutumi. Wanda ya kai kukansa gaban alƙali ya bi hanyar da doka ta shimfiɗa, kuma babu tarbiyyar da ta koyar da a amsa masa da jifa.

An saurari ƙarar kwana huɗu a watan Mayun 2013. A gefen Orozco akwai lauya Christopher Hamel-Smith daga Trinidad da Lisa Shoman, tsohuwar Antoni Janar ta Belize. Ƙungiyoyi uku na ƙasa da ƙasa sun shigo a matsayin masu ruwa da tsaki, Lord Goldsmith, tsohon Antoni Janar na Birtaniya, ya tsaya musu. A ɗaya gefen akwai gwamnati, sai Cocin Katolika, da Cocin Angilikan, da gamayyar coci-cocin bishara. Kowane ɓangare ya zargi ɗayan da cewa 'yan waje ne ke juya shi. Masu kare dokar suka ce ga Bature ya taso daga Landan zai koya mana yadda za mu zauna, wannan sabon mulkin mallaka ne. Masu ƙara suka ce ai dokar da kuke karewa ita ce ta mulkin mallakar, kuma jagoran gangaminku, Fasto Scott Stirm, daga Amurka ya zo. A 2013 cibiyar Southern Poverty Law Center ta fitar da rahoto kan yadda ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau na Amurka, ciki har da Alliance Defending Freedom, ke tallafa wa wannan gefe. Duka zarge-zargen biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Hannun waje ya shiga ta dama da ta hagu. Sai dai wanda ya kwana a birnin Belize da ƙofa a kulle ɗan ƙasa ne, haka ma dubban da suka yi jerin gwano da zuciya ɗaya 'yan ƙasa ne.

Shari'ar ta ci wani mutum da ba a zata ba. Farfesa Brendan Bain, likita da ya shafe shekaru yana kula da masu ƙanjamau a Jamaika, ya rubuta wa kotu bayanin ƙwararre wanda coci-coci suka dogara da shi, inda ya jaddada yawan haɗarin kamuwa a tsakanin maza masu neman maza. Ƙungiyoyin da ke aiki da masu cutar suka ce ba za su ƙara amincewa da shi ba, kuma a watan Mayun 2014 Jami'ar West Indies ta sauke shi daga shugabancin cibiyar horar da ma'aikatan ƙanjamau ta yankin. Magoya bayansa suka yi ta tsayuwa a ƙofar jami'ar a Kingston da baki a liƙe, alamar an toshe bakin masani. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu ba su yi saɓani kan alƙaluman ba. Sun yarda cutar ta fi yawa a wannan rukuni. Saɓaninsu a kan magani ne: ɗaya na ganin doka tana rage aikin, ɗayan na ganin doka tana korar masu yin sa daga asibiti. Hukumomin lafiya na duniya da na yankin sun tsaya a kan ra'ayi na biyu, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin Jamaika tana da dokar tun 1864 amma alƙalumanta na cikin mafi muni. Duk da haka, ina ganin korar Bain ta jawo wa masu fafutukar baƙin jinin da suka daɗe suna biya, ta kuma ba abokan hamayyarsu labarin da suke nema, na cewa su ne ake zalunta.

Sai aka shiga jira. Shekara uku da wata uku hukunci bai fito ba. Ranar 10 ga Agustan 2016, Alƙalin Alƙalai Kenneth Benjamin ya yanke cewa Sashe na 53 ya saɓa wa haƙƙin mutunci, da na sirrin rayuwa, da na bayyana kai, da na daidaito a gaban doka. Bai soke sashen ɗungurungum ba, domin ana buƙatarsa wajen hukunta fyaɗe da saduwa da dabba. Ya ƙara masa jimla guda ne: wannan sashe bai shafi abin da baligai suka yi da yardarsu a keɓe ba. Coci-coci sun kafa hujja da cewa gabatarwar kundin tsarin mulkin ta ambaci ɗaukakar Ubangiji. Alƙalin ya amsa cewa ambaton bai mayar da koyarwar wani addini guda dokar ƙasa ba, kuma aikin kotu shi ne bin kundin ko da ra'ayin mafi rinjaye ya saɓa. Ya ƙara wani mataki da ya fi tayar da ƙura: ya ce kalmar jinsi da ke cikin sashen hana wariya ta haɗa da wanda mutum yake sha'awa, yana dogaro da matsayar kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarar Toonen da Ostireliya ta 1994.

Gwamnatin Firaminista Dean Barrow ta fara cewa ba za ta ɗaukaka ƙara ba. Da matsin shugabannin coci ya yi yawa, ta ɗaukaka a kan batun fassarar jinsi da na haƙƙin bayyana kai kawai. Cocin Katolika ta shigar da tata ƙarar, daga baya ta janye a 2018. Ranar 30 ga Disamban 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Shekara tara ke nan daga ranar da aka shigar da takarda. A 2016 aka ba Orozco lambar yabo mai sunan David Kato, ɗan fafutukar Yuganda da aka kashe a gidansa a farkon 2011.

To me ya sa Belize, ba Jamaika ba, inda matsalar ta fi zafi? A Jamaika ne aka kashe Brian Williamson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar J-FLAG mai kare haƙƙin 'yan luwaɗi, a gidansa a watan Yunin 2004. A can ne Javed Jaghai ya shigar da irin wannan ƙara a 2013 ya janye a 2014 saboda barazana gare shi da danginsa. Ba ƙarancin jarumta ba ne, ba kuma don mutanen Belize sun fi sassauci ba. A wani wuri daban gizo ke saƙar.

Lokacin da Birtaniya ke miƙa mulki, an rubuta wa kowace ƙasa kundin tsarin mulki mai babin haƙƙoƙin ɗan Adam. Sai aka ji tsoron kada washegarin 'yanci lauyoyi su ɗauki wannan babi su rushe rabin dokokin da aka gada, ƙasa ta wayi gari babu doka. Don haka aka saka wani sashe da ke cewa duk dokar da take aiki kafin ranar 'yanci, kotu ba za ta soke ta da hujjar ta saɓa wa haƙƙoƙin nan ba. Mu da muka san rigar kariyar da ke hana a gurfanar da gwamna yana kan kujera, wannan ita ce irinta, sai dai doka aka sanya wa, ba mutum ba. Muna ma da ɗan misalinta a Sashe na 315 na kundin 1999, wanda ya killace Dokar Mallakar Filaye da ta yi wa ƙasa hidima daga irin wannan ƙalubale. Bambancin shi ne namu dokoki huɗu ya lissafa, nasu kuwa duk abin da Bature ya bari ya rufe.

A Jamaika da Trinidad da Guyana da Barbados, ba a yanka wa rigar wa'adi ba lokacin 'yanci. A Belize, wadda ta zo a makare, an yanka mata shekara biyar kacal. Zuwa 1986 ta yage, kowace tsohuwar doka ta tsaya tsirara a gaban kundin tsarin mulki. Wannan shi ne abin da malaman jami'ar nan suka hango. Da Orozco ɗan Kingston ne, da hujjojinsa ɗaya, da raunukansa ɗaya, alƙali zai ce masa hannuna a ɗaure yake.

Haka kuwa aka ce wa Maurice Tomlinson, lauya ɗan Jamaika da ya koma Kanada bayan barazanar kisa. A watan Oktoban 2023 kotun Jamaika ta ce ba ta da hurumin duba ƙararsa. Jamaika ma ba gadon rigar kawai ta yi ba, ɗinke ta ta sake yi da hannunta: a 2011, da majalisa ta rubuta sabon babin haƙƙoƙi, ta saka sharaɗi a fili cewa bai shafi tsofaffin dokokin laifukan jima'i ba. Daga wannan rana hujjar cewa dokar kayan Bature ce ta yi rauni a can, domin zaɓaɓɓun wakilan jama'a sun karɓe ta da saninsu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta nemi Jamaika ta soke dokar a wani rahoto da aka bayyana a 2021, gwamnati ba ta motsa ba.

Labarin Trinidad ya fi kowanne nuna yadda abin yake da sarƙaƙiya. Jason Jones, ɗan ƙasar da ke zaune a Landan, ya yi nasara ranar 12 ga Afrilun 2018 a gaban Mai Shari'a Devindra Rampersad. Trinidad na da rigar kariya, amma majalisarta ta soke tsohuwar dokar 1925 ta rubuta sabuwa a 1986, daga baya ta ɗaga hukuncin har zuwa shekara 25. Alƙalin ya ce wannan ai sabuwar doka ce, haihuwar bayan 'yanci, riga ba ta rufe ta ba. Wato tsananta hukuncin da majalisa ta yi shi ne ya tuɓe wa dokar kariyarta. Shekara bakwai mutane suna zaune a kan wannan hukunci. Sai a watan Maris na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta ce a'a, dokar 1986 tsohuwar ce aka sake wa kaya, don haka laifin yana nan, amma hukuncin ya koma shekara biyar kamar yadda yake a zamanin Turawa. Mutumin da ya kwanta ba mai laifi ba ya tashi mai laifi, ba tare da ya canza komai a rayuwarsa ba, ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba.

Ba zan ce rigar ita ce komai ba. Ƙananan tsibiran gabashin Karebiyan ba su da irin ta dindindin ɗin nan, kuma a can ECADE, gamayyar ƙungiyoyin kare haƙƙin 'yan luwaɗi na yankin, ta bi sawun Belize da jerin ƙararraki. Dokar Antigua da Barbuda ta faɗi a Yulin 2022, ta St Kitts da Nevis a Agusta, ta Barbados ma, inda hukuncin ya kai ɗaurin rai da rai, ta faɗi a Disamban 2022 duk da rigar da ƙasar ta gada. Dominica ta biyo a Afrilun 2024, St Lucia a Yulin 2025. Amma a St Vincent, a Fabrairun 2024, kotu ta bar dokar, tana mai cewa masu ƙarar a ƙasashen waje suke zaune, ta kuma karɓi hujjar gwamnati ta kare lafiyar jama'a da tarbiyya. Alƙali ma mutum ne, yana da yadda yake auna abu. Kuma akwai Bahamas, wadda ba ta jira kotu ba, majalisarta ta cire dokar tun 1991.

Akwai tambayar da masu adawa ke yi wadda ta cancanci amsa ta gaskiya: me ya sa alƙali ɗaya da ba a zaɓa ba zai warware abin da mafi yawan jama'a ke so a bari? A ganina amsar tana cikin dalilin rubuta babin haƙƙoƙi tun farko. Mai rinjaye ba ya buƙatarsa, ƙuri'a ta ishe shi. An rubuta shi ne domin wanda ba zai taɓa cin zaɓe ba, ko ɗan ƙaramar ƙabila ne, ko mai bin addinin da ba shi da yawa a garin. Musulmin Trinidad da Guyana, waɗanda tsiraru ne a can, da wannan babi suke kare masallatansu da hijabin 'ya'yansu a makaranta. Amma masu tambayar suna da gaskiya ta wani gefe: abin da kotu ta bayar ba tare da zukata sun sauko ba, yana iya zama a takarda kawai, ko wata kotun ta karɓe, kamar yadda aka gani a Trinidad.

Belize kanta shaida ce cewa tsugune ba ta ƙare ba. An yi makon bikin masu neman jinsi ɗaya na farko a ƙasar a 2017, abin da ba a taɓa tunani ba shekara biyar kafin nan. Amma ƙudirin dokar hana wariya a wurin aiki da gidan haya da asibiti, wanda Orozco da abokan aikinsa suka sa rai a kansa, gwamnati ta janye shi a 2020 bayan coci-coci sun yi masa ca. Dokar shige da fice ta ƙasar kuma ta ci gaba da lissafa 'yan luwaɗi cikin baƙin da aka haramta wa shiga. Tomlinson ya ƙalubalanci wannan a Kotun Shari'a ta Karebiyan, ta kori ƙarar a Yunin 2016 bisa cewa a aikace ba a hana kowa shiga. Orozco bai bar ƙasar ba. Ya ci gaba da jagorancin UNIBAM, yana tattara bayanan hare-hare da kashe-kashen da ake yi wa mutanensa, aikin da ba ya kawo kyamarar 'yan jarida irin ta ranar hukunci.

Bayan hukuncin St Lucia, ƙasashe biyar suka rage da dokar a yankin: Jamaika, Guyana, Grenada, St Vincent, da Trinidad da Tobago. Makomarsu ta rataya a kan wace kotu ce ta ƙarshe a kowacce. Guyana, kamar Belize da Barbados, ta koma ƙarƙashin Kotun Shari'a ta Karebiyan da aka buɗe a Port of Spain a 2005. Wannan kotu ta nuna ba ta son rigar kariya ta danne haƙƙin ɗan ƙasa, tana fassara ta a ƙuntace. Da wannan fahimta ta soke hukuncin kisa na dole a Barbados a 2018, ta kuma soke wata dokar Guyana ta 1893 da ke hukunta namijin da ya sa kayan mata a bainar jama'a. Sauran huɗun har yanzu Landan suke kai ƙararsu ta ƙarshe, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarkin Ingila, wanda Nijeriya ta daina zuwa tun 1963. Shi kuwa wannan kwamiti ya tsaya a kan cewa abin da kundin tsarin mulki ya killace, majalisar ƙasa ce kaɗai za ta buɗe shi. A 2022, a ƙarar Chandler, ya bar hukuncin kisa na dole a Trinidad a kan wannan hujja, duk da ya yarda hukuncin zalunci ne. Gaban wannan kwamiti Jason Jones ya ɗaukaka ƙararsa.